Kafin Matashi Ya Sayi Tsohuwar Na'urar Saita Sauti

A cikin kayan kiɗa na hannu da ake saukewa daga Turai da Amurka, tsakanin amfilifaya da jita da tarin wayoyi, wani lokaci akan tsinci wani akwati mai nauyi, da ƙaramar taga a goshinsa da maɓallan murɗawa biyu ko uku. Da an ba shi wuta, sai wani faifai ya fara juyawa a bayan tagar, fitila ruwan lemo tana haska shi. Sau da yawa mai shago bai san aikinsa ba, iyakar saninsa dai yana kawo wuta. Wannan ita ce na'urar saita sauti ta sitirob. Matashin da ya fara nisa a kiɗa, ko yake koyon gyaran jita, da wuya ya gan ta hannunsa bai nufi aljihu ba, kuma yana da hujja, domin a wajen masu saita kayan kiɗa babu ma'aunin da ya kai ta suna. Sai dai abin da ake biya kuɗi dominsa a jikinta, wato daidaito, ido ba ya ganinsa, kuma shi ne yake fara tafiya idan ta tsufa.

Sai an san yadda take aiki za a san inda za a duba. Duk sauti girgiza ne. Tsirkiyar da ta ba da sautin A wanda makaɗa ke yin saiti a kansa tana kai da komo sau 440 a sakan ɗaya. A kan wannan adadi aka tsaya a wani taro a Landan a 1939, hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, kuma ta amince da shi a 1955. A jikin faifan na'urar akwai zane-zane baƙaƙe da aka jera zobe-zobe, kowane zobe yana ɗauke da ninkin zanen wanda ke cikinsa. Wani ɗan inji ne ke juya faifan da gudun da ya dace da sautin da aka zaɓa. Sautin da ya shigo ta makirfo ko ta waya kuma shi ke kunna fitilar yana kashe ta, daidai da yawan girgizarsa. Idan ƙyaftawar fitila ta yi daidai da gudun faifai, sai ido ya ga zanen ya tsaya cak, alhali faifan bai daina gudu ba. Duk wanda ya taɓa ganin tayar mota a fim tana komawa baya alhali motar gaba take yi ya riga ya ga wannan dabara. Idan tsirkiya ta yi ƙasa, zanen zai riƙa zamewa hagu, idan ta yi sama ya zame dama, kuma iya nisan kuskure iya saurin zamewar.

Ƙananan na'urorin saiti masu allura ko 'yan fitilu ja da kore ba haka suke ba. Su sai sun ƙirga girgizar, sun yi lissafi, sannan su nuna sakamako, kuma suna da wani fili da duk abin da ya faɗa cikinsa sukan ce ya yi. Sitirob ba ta da wannan sassaucin, sautin take nunawa tsirararsa.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa sent, kuma wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, shi ya fito da shi a shekarun 1880. Tsakanin maɓallin fiyano da maƙwabcinsa sent 100 ne, daga sauti zuwa ninkinsa kuma sent 1200. Kunnen yawancin mutane yana fara jin bambanci ne daga wajen sent biyar ko shida. Na'urar Boss TU-3, wadda ake takawa da ƙafa, kamfaninta ya ce kuskurenta bai wuce sent ɗaya ba. Kamfanin Peterson mai ƙera sitirob kuwa kashi ɗaya cikin goma na sent yake alkawari. A sautin 440, sent ɗaya kusan rubu'in girgiza ne a sakan. Wato tsirkiyoyi biyu da suka bambanta da sent ɗaya sai bayan sakan huɗu ɗaya za ta tsere wa ɗaya da girgiza guda, a kashi ɗaya cikin goma kuwa sai bayan sakan arba'in.

Kamfanin Conn na garin Elkhart a jihar Indiana, wanda ya shahara da ƙera kayan busa na tagulla, shi ya fara fito da sitirob a 1936 da sunan Stroboconn. Katafaren abu ne mai faifai goma sha biyu, ɗaya ga kowane sauti, makarantu da masana'antu ne suka fi sayensa. Da irinta ne wani malamin kimiyya a Amurka, O. L. Railsback, ya auna fiyanonin da gwanaye suka saita da kunne, ya wallafa abin da ya gano a 1938: ashe gwanayen ba sa bin lissafi sak. Sukan sauke sautukan ƙasa kaɗan, su ɗaga na sama, har bambancin ya kai wajen sent 30 a ƙarshen maɓallan, kuma haka ya fi daɗi a kunne saboda taurin tsirkiyar ƙarfe. Daga baya Conn ya fito da ƙarama mai faifai ɗaya, Strobotuner, wadda lambobinta irin su ST-6 da ST-11 suke yawo har yau a kasuwar kayan hannu. Richard Peterson, wanda ya kafa kamfaninsa a 1948 a yankin Chicago, ya fito da Model 400 a 1967, mai aiki da taransista a maimakon bawul. A 1985 Peterson ya saye sashen na'urorin saiti na Conn. Kafin nan, a 1975, kamfanin Korg na Japan ya riga ya fito da ƙaramar na'ura mai allura, WT-10, wadda ake riƙewa a hannu, daga nan makaɗa na yau da kullum suka fara barin manyan akwatunan ga masu gyara.

Wannan rabon aiki har yanzu yana nan, kuma shi ne tambaya ta farko da ya kamata matashi ya yi wa kansa kafin ya taya. Mai gyaran jita yana bukatar sitirob domin daidaita jakin tsirkiya. Yakan kaɗa tsirkiya a sake, sannan ya danne ta a gaɓa ta 12 ya sake kaɗawa. Idan na biyun bai zama ninkin na farko daidai ba, sai ya matsa jakin gaba ko baya. Kuskuren sent uku a nan shi ke sa jita ta yi daɗi a bakin wuya amma ta riƙa faɗa da kanta idan an hau sama. Masu saita akodiyon da hamonika, waɗanda ke kankare harshen ƙarfe da zarto, su ma suna bukatarta, domin abin da aka kankare ba ya dawowa. Haka maƙeran gangar ƙarfe ta Tirinidad, wadda ake bugawa daga duro: a kowane gurbi ba sauti ɗaya suke saitawa ba, har da ninkinsa da wani na sama da shi, kuma zoben faifan suna nuna musu sauti da ninkinsa a lokaci guda. Akwai kuma makaɗa masu tsananin kunne irin James Taylor na Amurka, wanda ya bayyana cewa da gangan yake sauke tsirkiyoyin jitarsa ƙasa da lissafi, siririyar da sent uku, mafi kaurin da sent 12. Irin wannan saiti ba ya yiwuwa da na'urar da iyakarta ta nuna kore.

Amma wanda yake kaɗa jita a coci ko a wurin biki, ko yake ɗaukar waƙa a situdiyo da fiyanon lantarki, gaskiya ba shi da bukatar akwati mai inji. Fiyanon lantarki ba ya kaucewa daga saitinsa. Jita kuwa da an danne ta da ƙarfi kaɗan sautinta ya hau da sent biyar ko fiye, to ina amfanin kashi ɗaya cikin goma? Ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a kan jita ta ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi sababbin tsirkiyoyi, waɗanda za su gyara masa sauti fiye da kowane ma'auni. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, bai hana shi zagaya duniya ba.

Wanda aikinsa ya wajabta masa saye zai tarar da iri uku. Akwai masu faifai da inji, tsofaffin Conn da Peterson da kuma sababbinsu irin AutoStrobe 490, wadda ke gano sautin da kanta. Akwai masu zoben ƙananan fitilu da ke ƙyaftawa ba tare da wani abu mai juyawa ba, irin Turbo Tuner na kamfanin Sonic Research. Sannan akwai masu allo, waɗanda ke kwaikwayon faifan da lissafi. Peterson ya fara su da VS-1 a 2001, StroboStomp ta biyo baya a 2004, yanzu har manhajar waya akwai. Nau'i na biyu da na uku suna ɗaukar ma'auninsu daga ɗan dutsen kwaz irin na agogon hannu, wanda ba ya kaucewa da sauƙi, saboda haka sayensu na hannu bai da haɗari sosai: a duba allo, a duba ramin waya, a duba madanni da gidan batir ko ya yi tsatsa. Rigimar tana ga tsofaffin masu inji, kuma su ne suka fi ɗaukar ido.

Rigima ta farko wuta ce. Na'urar da aka ƙera domin Amurka wutar bolt 120 take sha, mai juyi 60 a sakan. Ta Nijeriya da Nijar da Ghana kuwa bolt 220 zuwa 230 ce, mai juyi 50. Wanda ya cusa ta a soket kai tsaye ya gama da ita a cikin ƙiftawar ido, don haka a fara karanta farantin da ke bayanta tun kafin mai shago ya ce bari ya gwada. Taransifoma mai rage wuta tana maganin bolt, amma ba ta taɓa juyi: 50 ya shiga, 50 zai fita. A nan ne abin ya shafi daidaito kai tsaye, domin wasu tsofaffin Conn suna da gurbin gwaji da ke ɗaukar juyin wutar gida, wato 60, a matsayin ma'aunin da na'urar ke gyara kanta da shi. A Amurka dabara ce mai kyau, tunda wutarsu ba ta cika kaucewa ba. A ƙasa mai juyi 50 wannan gurbi ba shi da amfani, domin tazarar da ke tsakanin 50 da 60 ta haura sent 300. Ko da an ce 60 ɗin ce, wutar janareta tana hawa tana sauka da nauyin da aka ɗora mata, ba abin dogaro ba ce. Ga shi kuma taransifomar cikin na'urar, da aka naɗa domin 60, takan fi ɗaukar zafi a kan 50, a garin da zafi ya riga ya yi yawa.

Rigima ta biyu shekaru ne. Kafasita takan bushe, sai gudun inji ya riƙa rawa. Bawul yakan raunana. Ƙwan fitilar niyon yakan dushe har sai an kashe hasken ɗaki kafin a ga zane. Maɓallin zaɓen sauti yakan tara datti. Tsohon makirfonta, idan mai gishirin kiristal ne, zafi da danshi suna kashe shi, galibi ma ba a samunsa tare da ita. Duk waɗannan da sauƙi, mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya musanya su, kuma ana iya saka wani makirfon. Abu biyu ne ba su da magani a kusa: inji da faifai. Injin da ya fara kuka ko faifan da ya lanƙwashe sai dai a ciro daga wata matacciya, kuma matacciyar tana wata nahiya. Kashedi ɗaya ga masu son buɗe komai su leƙa: na'ura mai bawul tana riƙe ɗaruruwan bolt a cikinta ko bayan an zare ta daga wuta.

Saboda haka gwaji shi ne cinikin, kuma ba gwajin minti biyu a tsaye ba. Mai saye ya zo da ma'auninsa daga gida, kada ya bar na'urar ta yi wa kanta shaida. Manhajar waya mai fitar da sauti tsantsa ta wadatar, ko fiyanon lantarki da aka tabbatar yana kan 440, da murya marar karkarwa. A kunna na'urar a bar ta ta yi ɗumi na minti goma sha biyar zuwa ashirin, domin masu bawul sukan zame kafin su zauna. Sannan a ba ta 440 a ga ko zanen zai tsaya tare da maɓallin sent yana kan sifiri. Idan ya tsaya, kada a yi saurin murna: a bi sautuka goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya, domin a tsofaffin na'urori A tana iya zama daidai alhali wani sautin ya kauce. A gwada sauti mai kauri irin na babbar tsirkiyar jitar bes, wadda girgizarta 41 ce kacal, a gwada siriri. A murɗa maɓallin sent gaba da baya a ga zanen ya bi, ya kuma dawo ya tsaya inda ya tsaya da fari. A kasa kunne a jikin akwatin. Bayan rabin sa'a a maimaita 440. Yadda kuskuren yake shi ke faɗin ciwon: zamewa a hankali zuwa gefe ɗaya a duk sautukan batun saiti ne, ana gyarawa. Zane mai rawa gaba da baya a kan sautin da ba ya motsi kuwa yana nuna inji ko faifai, kuma a nan ya kamata ciniki ya watse.

Wasu sukan zo da ƙarfen saiti mai ƙafa biyu, wanda John Shore ya ƙirƙiro a Ingila tun 1711, suna ganin shi ba ya ƙarya. Shi ma yana da sharaɗi. A ma'aunin zafi 20 ake daidaita shi, kuma ƙarfe yana sauke murya idan ya yi zafi. A ranar bazara da zafi ya kai 40, sautinsa zai sauka da kusan sent uku. Wannan bai dami mai kiɗa ba, amma ya isa ya sa a zargi na'ura mai lafiya.

Akwai ma wasu hanyoyin da ake zarginta a banza. Ƙungiyoyin kiɗa da yawa a Turai a kan 442 ko 443 suke saiti, kuma tsakanin 440 da 442 kusan sent takwas ne. Na'ura mai allo da ta fito daga hannun irin waɗannan makaɗa tana iya zuwa a haka, ko a kan wani tsarin saiti na musamman da tsohon mai ita ya zaɓa, sai a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin a yanke mata hukunci. Sannan sabon shiga yakan tsorata da yadda zanen ya ƙi tsayawa a kan jita. Ba laifin na'ura ba ne. Tsirkiya da an kaɗa ta takan fara da hawa, sannan ta sauko ta zauna, kuma tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ba ta zama ko kaɗan. Masu gyara sukan kaɗa a hankali da naman babban yatsa, su dafe sauran tsirkiyoyin, su karanta abin da ya bayyana bayan bugun farko ya wuce.

Saye daga nesa ta intanet, ba tare da gwaji ba, cinikin biri a sama ne. Idan ya zama dole, a nemi mai sayarwa ya turo bidiyon na'urar tana karɓar 440 da sauran sautukan, ba hoton fitila a kunne ba. Kalmar “tana kawo wuta” ba ta ce komai a kan daidaito ba. A lissafa kuɗin dako da na kwastan da na taransifoma da na mai gyara, a tuna kuma faifai da inji ba sa son jifa a hanya. Sau da yawa idan aka tara wannan lissafi sai a ga ya kai kuɗin sabuwar ƙarama mai allo, wadda daidaitonta ɗaya ne da na babbar, tana aiki da batir, ba ruwanta da nepa. Abin da tsohuwar ta fi ta da shi shi ne babbar taga da santsin motsin zane, wanda masu yini a kan benci suna kankare ƙarfe suke yabawa, sai kuma kwarjini a idon mai kawo gyara. Duk wanda ya saye ta, ya yi mata riga saboda ƙurar hunturu.

Saura batun kayan kiɗanmu na gida, inda matasa masu sabuwar na'ura suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa zuwa kashi goma sha biyu daidai wa daida tsari ne da ya kafu a Turai, kuma shi kansa sulhu ne aka yi da lissafi: tazarar da ke tsakanin C da E a fiyano sent 400 ce, alhali wadda ke zama lafiya a kunne 386 ce. Mai goge da mai gurmi da mai garaya ba da wannan tsari suke ɗaure tsirkiya ba, da muryar mawaƙi suke ɗaurewa, kamar yadda kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya ya riƙa bin muryarsa. Kalangu kuwa a hammata ake sauya masa murya a kowane bugu. Idan aka kara sitirob a gurmi zanen ya zame, ba gurmin ne ya yi kuskure ba, kuma yaron situdiyo da ya ce wa dattijo ya ƙara ɗaure tsirkiyarsa don ta hau layin fiyano ya juya aikin ne a baibai.

Amfanin na'urar a nan aunawa ne. A bar mai gurmi ya ɗaure kayansa yadda muryarsa ta nema, a kaɗa tsirkiyar a sake, a murɗa maɓallin sent har zanen ya tsaya, a karanta. Idan ta nuna, misali, sent 30 ƙasa da G, sai a je fiyanon a sauke saitinsa gaba ɗaya da sent 30. Yawancin fiyanonin lantarki suna da wurin yin haka aƙalla kimanin sent 50 sama ko ƙasa, kuma hakan ya wadatar, tunda babu sautin da ke nesa da maɓalli mafi kusa da shi fiye da sent 50. A rubuta adadin a jikin fayil ɗin waƙar, domin ranar da za a dawo ƙarasa ɗauka fatar gurmin ta riga ta sha wata iskar, sai an sake aunawa.